Wai sai an kafce ƙasa kayan lambu ke yi?

Jama'a tun muna yara nan Gombe muke ji wai in ba ka kafce fangali ka juye ƙasar sosai ba, tumatir da alayyahu ba za su yi ba. Iyayenmu da dalilinsu, fako dole a sassauta shi karon farko.

Amma kaftu duk shekara yana tono irin ciyawa da ke kwance ya fito rana ya tsiro, laima ta gudu, ramukan tana su rushe, alhali ta nan ruwa da iska ke shiga. In ka zuba ruɓaɓɓen taki kamar santimita 5 a sama kawai, ka rufe da busasshiyar ciyawa ko ɓuntun shinkafa, tsutsar tana da gara su za su yi maka huɗar. Sai dai ciyawar kiri-kiri kam cire saiwarta tukuna, wallahi ba ta jin rufi.

Gwada da kanka, raba fangali biyu, kafce ɗaya ka bar ɗaya da taki da rufi kawai, iri ɗaya ban ruwa ɗaya. Da azahar tura yatsa ka ji wanne ke da sanyi, bayan sati 3 ka duba inda ciyawa ta fi.

Don Allah a tura wa 'yan uwa masu lambu.