Shan Kwana a Kan Keken Lantarki Mai Ƙafa Ɗaya

Keken lantarki mai ƙafa ɗaya abin hawa ne mai taya guda, injinsa a tsakiyar tayar, da feda biyu a gefe inda mahayi ke tsayawa. Samfurin Solowheel na Shane Chen, wanda ya fito a Amurka a 2011, na cikin na farko da suka shiga kasuwa. Daga baya kamfanonin Sin irin su Inmotion, King Song da Begode suka mamaye ta.

Ba shi da sitiyari, ba shi da kan da ake riƙewa irin na moto. Na'urorin cikinsa gaba da baya kawai suke daidaitawa: mahayi ya sunkuya keken ya ƙara gudu, ya ja jiki baya ya rage. Dama da hagu kuwa aikin jikin mahayi ne.

A tafiyar sannu, da ƙugu ake juyawa. Mutum ya kai ido da kafaɗu inda ya nufa, ƙugu ya bi, sannan ƙwauri ya murɗa tayar. Idan gudu ya ɗan ƙaru sai a koma karkatar da keken: a danna feda ɗaya, a lanƙwasa gwiwar ɗaya ƙafar don jikin keken ya sami wurin kwantawa. Duk wanda ya yi wasan gare yana yaro ya san sirrin, domin tayar da ta karkata ba ta miƙewa, ɓangaren da ta kwanta take zagayawa. Sai dai in karkatar ta yi yawa feda kan kartar ƙasa, abin da ke yawan kayar da masu koyo.

A gudu sosai tayar kan yi taurin kai, ta ƙi kwanciya, dole mahayi ya fitar da nauyinsa cikin kwanar tun kafin ya iso ta. Taya mai inci 14 ko 16 ta fi saurin amsawa. Mai inci 18 zuwa 22 ta fi natsuwa amma tana cin ƙarfi.

Ƙasa ma na da tata rawar. A kan gudron tayar na kamawa da kyau. A lungunan Maradi masu rairayi kuwa, taya guda ce ke ɗauke da komai, in ta zame babu ta biyu, don haka ana rage gudu kafin kwana, a buɗe ta, keken kuma a tsaye gwargwadon hali.