Ku daina ce mana "ba mu ba shi komai ba"

Wannan amsa ta ishe ni. Kusan kullum a wurin karɓar marasa lafiya sai na tambaya, "Mama, me kuka ba shi a gida?" Sai a sunkuyar da kai a ce, "Wallahi Sista, ba komai." Ina ɗaga rigar yaro sai ga shatin allura a ɗuwawu, bakinsa kuma na tashin warin jiƙo.

Iyayena, nas ba bokanya ba ce. Da abin da idona ya gani, da abin da ma'auni ya nuna, da abin da kuka faɗa mini nake yanke shawarar wa zai shiga wurin likita yanzu-yanzu, wa zai jira a benci. In kun ɓoye naku, kun sa ni lalube cikin duhu.

Kwanan baya aka kawo mini yaro ɗan shekara 2. Ma'aunin zafi ya nuna 37, kamar na mai lafiya. Da a nan na tsaya, da layi zan tura su. Amma na lura ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa duk sanda ya ja iska. Na sa agogo a gaba na ƙirga numfashinsa minti guda cur, ya haura 50, alhali yaro mai shekarunsa ko 40 ya kai abin dubawa ne da gaggawa. Sai da na matsa, kakarsa ta ce an ɗura masa farasitamol kafin su hau adaidaita. Maganin ya danne zazzaɓin na 'yan awoyi, nimoniya kuwa, wato ciwon huhu, na nan tana cin ƙirjinsa. To da kakar ma ta yi shiru fa? Da mu ma mun ƙara masa wani farasitamol ɗin a kan na gida, kuma yawansa hanta yake lalatawa.

Manya ma haka kuke yi. Ku sha rabin maganin maleriya, a duba jini ba a ga komai ba. Ku yi allurar kashe ciwo a kemis, mu danna ciki ku ce ba zafi, alhali afendis ne ke shirin fashewa. Alhaji ya haɗa ƙwayar ciwon suga da sassaƙe, a kawo shi ranga-ranga, 'ya'ya su ce ba ya shan komai. Haba jama'a!

Na san halin da ake ciki. Kemis ya fi kusa, kuɗi sun yi wuya, ba kuma uwar da za ta zuba wa ɗanta ido yana kuka cikin dare. Na kuma san wasunmu na yi muku tsawa, shi ya sa kuke tsoro. Wannan laifinmu ne. Amma ko an yi tsawar, ku daure ku faɗa.

In za ku taho:
- Ku zuba kwalaye da kwalaben maganin a leda, ko sun ƙare.
- Jiƙo ko tsimi, a zo da ragowar.
- Ku faɗi lokacin da aka ba shi na ƙarshe, ko da "bayan Azahar" ne.
- Wanda ya kwana da mara lafiya shi zai rako shi, ba maƙwabcin da ya ari babur ba.