RAID ta gurgunce: me ake nufi, kuma ina haɗarin yake?

A ƙananan ofisoshin Umra na Jidda da Makka, inda 'yan uwanmu ke aiki, sau da yawa za ka ga akwatin sabar, wato kwamfutar da ke ajiye bayanan ofis, a lungu, mai faifan ajiya huɗu, cike da hotunan fasfo da takardun alhazai. Ran nan sai ya fara kuka, fitilar faifai ɗaya ta sauya launi, allo ya nuna Degraded. RAID ta gurgunce ke nan.

Ita RAID dabara ce ta haɗa faifai da yawa su yi aiki kamar guda, yadda in ɗaya ya mutu bayanai ba za su bi shi ba. David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz na Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley ne suka yaɗa sunan a 1988. RAID iri-iri ce, kowane iri da lambarsa. A RAID 1, duk abin da aka rubuta a faifai ɗaya ana rubuta shi a ɗan uwansa. RAID 5 kuwa tana son faifai uku aƙalla, kuma lissafi take ajiyewa: in ka san 3 da wani adadi sun ba da 8, ai ka san 5 ne ya ɓata. Da irin wannan take gano abin da ke kan mataccen faifan. Faifai ɗaya kawai take iya rasawa, RAID 6 kuma biyu.

To gurguncewa ita ce halin da ake shiga bayan wannan rashin. Komai yana buɗewa, aiki yana tafiya, shi ya sa maigida kan ce a bari sai bayan Hajji. Wannan jinkirin shi ya fi damuna. Mota ce ke tafiya da safaya a hanyar Madina, babu wata taya a but.

Ko an sa sabon faifai ma, ba a tsira ba tukuna. Sabar za ta karanta sauran faifan tun daga farko har ƙarshe don ta cika sabon. Faifai mai terabait 8, in ana rubuta masa megabait 150 a daƙiƙa, zai ci kusan awa 15, kuma in ana aiki da sabar a lokacin, kwanaki ne. Sauran faifan galibi rana ɗaya aka saye su, zafi ɗaya suka sha, gajiyarsu ɗaya. A tsakiyar wannan wahalar faifai na biyu yana iya mutuwa, kuma a RAID 5 shi ke nan, komai ya tafi.

Don haka kafin ka taɓa komai, kwafe muhimman bayanai zuwa wani wuri dabam. Sannan ka gwada lambar da ke jikin faifan da wadda sabar ta nuna, don zare mai lafiya bisa kuskure ya isa ya rusa tsarin duka. Sabon kada ya gaza tsohon girma. In akwatin yana da gurbi, sa faifan jiran ko-ta-kwana, wanda zai karɓi aiki da kansa ko da tsakar dare ne.

Ga mai manyan faifai, ni RAID 6 nake ba shi shawara, ko da kuɗin faifai ɗaya zai ƙaru. Amma ita ma ba ta dawo da fayil da ma'aikaci ya goge, ko wanda ɓarayin intanet suka kulle. Wannan sai kwafin da aka ajiye a waje.