Masu damuna da tambaya kan tsofaffin kekunan tseren Holan, ga amsarku

Tunda na fara saka hotunan kekunan nan da nake tarawa wayata ba ta huta ba, kuma tambayoyin su ne dai su ne, yau wannan ya yi gobe wancan ya maimaita, wani ma ƙarfe biyun dare zai turo min hoton keke a cikin duhu ya ce "malam ya ka gani?" To na gaji. Ga su nan wuri ɗaya, duk wanda ya sake tambaya nan zan turo shi.

Irin baƙin keken nan ne mai kwando da 'yan Holan ke zuwa cefane da shi?

A'a. Wancan omafiets suke ce masa, wato keken kaka, ya kusa kilo 20. Na tsere na ƙarfe nake magana, mai kai a lanƙwashe kamar ƙahon rago, siririyar taya, ba madigadi ba kariya, wajen kilo 10, wanda aka ƙera daga wajajen 1970 zuwa ƙarshen shekarun 1980.

Me ya sa na ƙarfe, alhali ga na kabon ya fi rashin nauyi?

In gasa za ka shiga je ka sayi na kabon, ba wanda ya riƙe ka. Ƙarfe in ya lanƙwashe ana miƙe shi, kabon in ya tsage sai dai haƙuri ko gyara mai tsada. Kuma ni yana burge ni, shi kenan.

Da wanne zan fara?

Gazelle Champion Mondial. Na faɗa ya fi sau hamsin. Kamfanin yana garin Dieren kusa da Arnhem tun 1892, kuma sunan keken ya samo asali ne daga 1969 lokacin da Harm Ottenbros na ƙungiyar Willem II-Gazelle ya zama zakaran tseren keke na duniya a Zolder ta Beljiyam. Bututun ƙarfe na kamfanin Reynolds na Ingila, mai lamba 531, aka yi shi da shi, an yi su da yawa don haka ba wuyar samu, kuma zaren notocinsa irin na Ingila ne, yau ma in ka shiga shago za ka samu kayan da za su hau. Amma fa ba kowane Gazelle mai kan ƙaho ne Champion Mondial ba, sun yi masu araha da baƙin ƙarfe mai nauyi kamar bututun famfo, kuma ita kanta sitikar Reynolds iri-iri ce, wata duk firam ɗin har da fok, wato ƙafafun nan biyu da ke riƙe tayar gaba, take nufi, wata manyan bututu uku kawai. Ka karanta abin da aka rubuta a jikinta, kar lamba 531 kaɗai ta ruɗe ka.

Koga Miyata ɗan Holan ne ko ɗan Japan?

Duka biyu. Andries Gaastra, ɗan gidan masu kamfanin keken Batavus, shi ya buɗe Koga a Heerenveen a 1974, ya haɗa sunan daga Kowallik na matarsa da Gaastra nasa, su kuma Miyata suka riƙa ƙera firam a Japan ana kawowa. A kan Koga Miyata Peter Winnen ya ci zangon Alpe d'Huez na gasar Tour de France a 1981. Masu cewa ba na Holan ba ne su je su yi ta musu, ni dai fenti da tsaftar aiki ban ga wanda ya kama ƙafarsa ba a cikin waɗanda na riƙe.

To jan Raleigh ɗin da Zoetemelk ya ci Tour de France da shi a 1980 fa?

Ƙungiyar ta Holan ce, Peter Post ke jan ta, keken kuwa a Ilkeston ta Ingila aka yi. Eh, gida ɗaya ne da Ralin da iyayenmu suka hau, kuma kamfanin da ya mallaki Raleigh ɗin, TI, shi ya sayi Gazelle a 1971. Haka ma Concorde, suna na Holan, firam ɗin masu kyau daga Italiya. Kar ka ƙara tambayata.

Na ga RIH da araha, in yi sauri?

Tsaya tukuna. RIH biyu ne. Akwai na Amsterdam, wanda 'yan'uwa Bustraan suka fara a 1921, shagonsu a titin Westerstraat, ana yin firam ɗaya bayan ɗaya da hannu, daga baya Wim van der Kaaij ya ci gaba da aikin har ya tsufa. Akwai kuma na Venlo da kamfanin Cové ya riƙa yi da yawa da wannan suna. Na Venlo ba jabu ba ne, keke ne mai kyau, amma kar ka biya kuɗin Amsterdam a kansa. Dubi tambarin da ke goshin keken. Af, sunan nan ma riihun ne na Larabci, wato iska, sunan wani doki ne a wani labarin Jamusanci.

Tsawona mita 1.68, na samu mai girman firam santimita 61, zai yi?

Ba zai yi ba. Haba ɗan'uwa. 'Yan Holan suna cikin mafiya tsawo a duniya, namijinsu matsakaici ya haura mita 1.80, shi ya sa 59 da 60 da 62 suka cika kasuwa a banza, 52 da 54 kuwa sai an sha wuya kuma da tsada. Ka cire takalmi ka auna daga ƙasa zuwa matsematsinka da santimita, ka ninka da 0.65, abin da ya fito kusa da shi za ka nema. Kai 52 ko 53 ne naka. Na san arahar ce ke jan ka, amma sauke sirdi har ƙasa ba ya gajarta keke, hannunka ne zai yi ta miƙewa, bayan wata ɗaya bayanka ya ƙage ka jingine shi a bango.

Na ga Champion Mondial a Marktplaats, shafin nan na Holan na sayar da kayan hannu a intanet, girmana ne, akwai 'yar tsatsa, mai shi ya ce sandar sirdi ta ƙi motsi. In saya?

To nan ne ba ni da amsa guda, kuma duk wanda ya ce maka eh ko a'a daga hoto kawai bai taɓa kwana uku yana kokawa da sandar sirdi ba. Mu fara da tsatsar. Holan ƙasar ruwa ce, kuma da hunturu gishiri suke watsawa a titi saboda ƙanƙara, don haka keken shekara 40 da babu ɗigon tsatsa ko dai an sake masa fenti ne ko kuma ba a taɓa hawansa ba. 'Yar ja-ja a inda fenti ya kwarzane ba komai ba ce, kar ta tayar maka da hankali. Wadda nake tsoro ita ce ta ciki, mai cin ƙarfe daga ciki zuwa waje, galibi a bututu biyun nan da suka tashi daga gidan feda zuwa tayar baya, da kuma ƙarƙashin bututun sama inda gumin mahayi ke ɗiga. In ka ga fenti ya kumbura kamar ƙuraje ka danna da farce ko makulli, in ya lotsa ka yi sallama ka kama hanya. Kaurin bututun nan a tsakiya bai kai milimita 1 ba, ba shi da abin da zai ba tsatsa.

Kafin ma ka kai ga sirdin, ka shafa yatsa a ƙarƙashin bututun sama da na ƙasa, dab da wuyan keken. In ka ji wani ɗan tudu ko ka ga fenti ya yi tsaga a zagaye, keken ya taɓa cin karo ta gaba, ka kuma dubi fok daga gefe ko ya koma baya. Wannan na fi ƙinsa a kan kowace tsatsa, ko da yake na san masu hawan irinsu shekara da shekaru lafiya lau, ni dai ba zan saya ba kuma ba zan ce ka saya ba. In kana da zare a aljihu ka ɗaura daga inda tayar baya ke zama, ka zagayo ta wuya ka dawo ɗaya gefen, ka auna ratar zaren da bututun sirdi hagu da dama, in bambancin ya wuce milimita biyu uku firam ɗin ya karkace.

Sai ita sandar. Alminiyam ce a cikin ƙarfe, in aka bar ta shekaru ba giris ruwa na shiga, sai ta yi wani farin gari ta kumbura ta manne kamar an yi mata walda. Wata in ka juye keken ka ɗura man kwance tsatsa ta gidan feda ka bar shi mako guda, ka matse kan sandar a bais ka juya firam ɗin gaba ɗaya, sai ka ji ta yi ƙara ta saki. Wata ko gezau. Wuta ba ta cika taimako ba, don alminiyam ya fi ƙarfe buɗewa in ya ji zafi, ga fentin da za ka ƙona. Daga nan sai yanka: ka gutsure kan, ka zura ruwan zarto ciki ka riƙa yanka ta a tsaye a hankali, aikin yini guda ne ko biyu, kuma in hannunka ya zarce ka yanki firam. Na taɓa yi, na ɓata wani Batavus da nake so, har yau in na tuna raina na ɓaci. Akwai masu narkar da ita da sodar yin sabulu, tana cin alminiyam ta bar ƙarfe, gaskiya tana aiki, amma tana ƙona fata, tana makantarwa, tana fitar da iska mai kama wuta, ba abin yi a ɗaki ba ne kuma ban ce ka yi ba.

To in saya ko kar in saya? In sirdin ya tsaya daidai tsawonka, firam ɗin a miƙe yake, kuma mai shi ya yarda ya rage kuɗi sosai, kana iya saye ka hau a haka, wataƙila ma ba za ka taɓa buƙatar motsa shi ba, sai dai ka sani ran da za ka sayar kai ma haka za a taya maka. In keken ka na farko ne ka bar shi, wallahi wani zai fito, Champion Mondial ba ya ƙarewa a Marktplaats. In kuma sandar kan keken ita ma ta kafe, matsala biyu ke nan, sai dai in kayan da ke jikinsa, a ce giya da birki na Campagnolo ko Shimano 600 masu lafiya, sun kai kuɗin da za ka biya su kaɗai. Kuma duk wannan sai ka je da ƙafarka. Cinikin biri a sama ne ka tura kuɗi a kan hoto uku.

In na kawo shi gida zan samu taya? Na ga an rubuta 28.

Nan mutane da yawa suka faɗa. 28 ɗin 'yan Holan a keken tsere milimita 622 ne, wanda ake kira 700C. 28 ɗin da ke hannun mai faci a unguwa, na Rali da Phoenix, 635 ne, ba zai zauna ba ko ka yi kuka. Akwai ma 27 mai 630, shi ma daban. Lambar milimita za ka duba a gefen tayar. Bawul ɗinsa ma siriri ne, famfon mai faci ba ya kama shi sai da ɗan adafta, ka sayi biyu ka ajiye. Ka kuma tabbatar ba irin wilin da ake manna wa taya da gam ba ne, in shi ne ka canza wili tun kana can. Taya mai faɗin milimita 23 ko 25 kuma ba ta san yashi ba, kwalta take so.

Giyarsa ta yi min tauri a hawa.

Eh mana. Farantan gaba masu haƙora 52 da 42 ne, don ƙasarsu shimfiɗe take kamar tabarma in ka cire kudancin Limburg. Sa babban faranti a baya in giyar za ta ɗauka, ba abin kunya ba ne.

Firam ya tsage, in kai wa mai walda?

Mai waldar ƙofa da taga? Kar ka soma. Ba walda aka yi masa ba, zura bututun aka yi cikin mahaɗa aka narka tagulla ta cike, wutar lantarki huda shi za ta yi nan take. Mai gas wanda ya iya aikin tagulla za ka nema, kuma in bututun Reynolds 753 ne, wanda ba ya jure zafi kamar 531, ko shi ma kar ya taɓa.

In sa masa kayan zamani?

Kekenka ne. Faɗin inda wilin baya ke zama milimita 120 ne ko 126, wilin giya 8 zuwa 11 kuwa 130, ana ɗan buɗe 531 ya karɓa. Amma ka adana tsofaffin kayan a kwali, kuma ka sani in kana mafarkin zuwa L'Eroica, taron hawan tsofaffin kekuna a Italiya, sai keke irin na 1987 ko kafin nan, mai liban giya a jikin firam, da feda mai maɗauri.

Jari ne? Zai yi tsada nan gaba?

A'a. Sayi fili. Taya biyu, sarƙa, wayoyin birki, robar birki da tef ɗin naɗe kan keke kaɗai sukan kai kuɗin keken, kuma ba mai mayar maka da su.

Wani ya tare ni a tasha zai sayar min yuro 30.

Na sata ne, kai ma ka sani. Sayen kayan sata laifi ne a Holan, kuma akwai rajistar kekunan da aka sace a intanet, lambar firam tana ƙarƙashin gidan feda a yawancinsu, minti ɗaya ne ka duba. Kana zaune da takardar zama a ƙasar mutane za ka jawo wa kanka magana a kan yuro 30?

Malam ko za ka sayo min ka turo a kwantena?

A'a. Na yi sau ɗaya saboda zumunci, na cire wili na naɗe firam da bargo na rubuta a kwali kar a ɗora komai, ya iso an ɗora masa injin wanki, fok ya lanƙwashe, mai keken kuma har yau gani yake ni na cuce shi. In ka matsu sai ka zo da shi a jirgi cikin kwalin keke, ka sa ɗan katako tsakanin ƙafafun fok da na baya inda wili ke zama, ka cire giyar baya ka ɗaure ta da tsumma a jikin firam.