Motar lantarki da motar fetur a Legas: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Aikina wayarin mota da haɗa sola a yankin Agege. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, duk wanda ya zauna a bencin shagona sai ya kawo zancen motar lantarki, kuma tambayoyin ba sa canzawa. Ga su nan da amsoshinsu, wanda ya sake tambaya zan turo shi nan.

Da gaske ba ta hayaƙi?

Da gaske. Ba ta da salansa, ba ta da injin da zai ƙona mai. Ba ta shan baƙin mai kuma, don haka babu wanda bakanike zai juye a kwata ya gangara lagun.

To ai ba ta ɓata muhalli ke nan?

Ban ce haka ba. Hayaƙinta yana can inda aka samar da wutar da ta sha, da kuma masana'antar da ta ƙera batirinta.

Wutar NEPA ɗin ma ai gas ake ƙonawa, ina ribar?

Gaskiya ne, kusan kashi uku cikin huɗu na wutar Najeriya daga gas take fitowa, irin tashar Egbin da ke Ikorodu mai megawat 1,320. Sauran daga madatsun ruwa ne, Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru. Amma babbar tasha ta fi ɗan injin mota iya tatsar amfanin abin da ta ƙona, kuma gas ya fi fetur ƙarancin hayaƙi. Injin fetur, fiye da kashi biyu cikin uku na ƙarfin man da ka saya zafi yake zama. Taɓa bonet bayan ka iso gida ka ji inda kuɗinka ya tafi. Lita ɗaya ta fetur tana fitar da iskar kabon kimanin kilo 2.3. Riƙe wannan lambar, za mu dawo mata.

Na cire indomin motata na sayar, akwai matsala?

Wannan ce tambayar da take ɓata mini rai, shi ya sa na sako ta da wuri. Malam, abin nan da ke cikin salansa da ake ce wa indomi ba ado ba ne. Shi yake ƙone gubar da ke cikin hayaƙi kafin ta fito. Ana sayensa da tsada saboda ƙarafa masu daraja da ke jikinsa, shi ya sa wani bakaniken zai rantse maka cewa ya toshe, cire shi mota za ta ƙara gudu. Ka karɓi 'yan dubbanka ka tafi, mai tallan ruwan leda da ke tsaye a bayan motarka a Oshodi shi yake shaƙar sauran.

Rahoton da Bankin Duniya ya fitar a 2020 ya ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iska ta yi ajalin mutum fiye da 11,000 a Legas a shekarar 2018 kaɗai, kuma fiye da rabinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Ababen hawa na kan gaba cikin masu laifin, sai masana'antu da janareta. Don haka kafin ka zo kana yi mini muhawara a kan batirin motar da ba ka taɓa hawa ba, je ka mayar da indominka.

An ce haƙar ma'adinan batir ta fi fetur ɓarna.

Ɓarna ce, ba na musu. Kusan kashi 70 cikin ɗari na kobal ɗin duniya daga Kongo ake haƙo shi, kuma an sha samun yara a ramukan. Mu ma ba sai mun je Kongo ba, ga litiyam ana haƙa a Nasarawa da Kwara da Kogi, da yawa ba bisa ƙa'ida ba. Saboda batirin nan, sabuwar motar lantarki tana fitowa daga masana'anta da bashin hayaƙin da ya fi na takwararta ta fetur. Sai dai batir sau ɗaya ake ƙera shi, fetur kuwa kullum ake haƙowa, a tace, a ɗauko a tanka, a ƙone. Idan wutar cajin mai tsafta ce, motar kan biya bashin nan cikin shekarun farko na aikinta. Masu wannan tambaya ban taɓa jin sun ambaci malalar mai da wutar gas da ke ci dare da rana a Neja Delta ba. Sannan yawancin motocin Sin da ke shigowa yanzu batirinsu irin wanda ake kira LFP ne, babu kobal a ciki.

Unguwarmu wuta ba ta zama. Idan da janareta zan riƙa caji, har yanzu ta fi motar fetur tsafta?

Yauwa, Alhaji, wannan ita ce tambaya. Amsarta ba e ba ce, ba a'a ba ce, sai an zauna an yi lissafi. Lambobin da zan kawo kimantawa ce, suna hawa suna sauka gwargwadon mota da direba da janareta, amma za su nuna maka hanya.

Ɗauki tafiyar kilomita 100. Matsakaiciyar motar lantarki tana cin yunit 15 zuwa 20, wato yunit irin wanda mitarka take ƙirgawa. Mu ce 20, don akwai wanda yake zurarewa wajen caji, ga AC da ba a kashewa a garin nan. Tsohuwar Corolla a titunan Legas za ta sha lita 9 ko 10 a wannan tafiya, wato kilo 21 zuwa 23 na iskar kabon.

Idan wutar NEPA ce, kowane yunit yana zuwa da kamar rabin kilo idan an haɗa da asarar da ake yi a kan waya. Yunit 20, kilo 10 ke nan. Ka rage rabi, ko ma fiye. Nan babu gardama.

Idan babban janareton dizal ne, irin na ma'aikata ko na rukunin gidaje, lita ɗaya takan ba da yunit 3 ko sama da haka kaɗan, in dai an ɗora masa lodi daidai ƙarfinsa. Kana buƙatar lita 6 zuwa 7, kuma litar dizal tana fitar da kusan kilo 2.7. Ka tashi da kilo 16 zuwa 19. Ka ɗan fi Corolla, amma da ƙyar, kuma ribar ba ta kai ta biya bashin batirin da na ambata da wuri ba. Sannan baƙin hayaƙin dizal ya fi cutar da huhu.

Idan kuwa janareton fetur ne na gida, irin mai taya biyu da ake ja da igiya, to an gudu ba a tsira ba. Lita ɗaya ba ta cika wuce yunit ɗaya da rabi zuwa biyu ba, shi ma idan injin lafiyarsa ƙalau. Yunit 20 zai ci lita 10 zuwa 13. Ka ƙona man da ya kai ko ya wuce na Corolla, a injin da ba shi da indomi kwata-kwata. Kuma irin wannan janareta bai fi ya ba motar yunit biyu a awa ba, don haka awa goma zai kwana yana ruri a ƙarƙashin tagar maƙwabcinka, a gidan haya da ɗakuna suke fuskantar juna, yara na barci. Hayaƙin da a da kake rabawa a kan titi, yanzu ka tattaro shi ka kawo tsakar gida. Ƙaramin nan mai cakuɗa mai da baƙin mai kuwa kada ma ka gwada, ba zai ɗauka ba.

To amma kada ka tsorata, kusan babu wanda yake caji da abu ɗaya tilo. Mota ba firji ba ce da sai an ba ta wuta kowane lokaci. Wanda yake zuwa Ikeja daga Agege ya dawo, ko da ya biya wasu wurare, da wuya ya cinye kilomita 40 a yini, wato yunit 8. Batirin da ke ɗaukar yunit 50 ko 60 zai kai shi kwanaki. Abin da ake bukata shi ne ka bar ta a jone, duk sa'ar da aka kawo wuta ta sha. Idan caji huɗu cikin biyar na NEPA ne, ɗaya na janareton fetur, lissafin yana tsayawa wajen kilo 13 zuwa 14, har yanzu kana gaba sosai. Idan rabi da rabi ne, ribar ta kusa ƙarewa. Wanda yake layin Band A, da aka yi wa alkawarin awa 20 a rana tun da aka ƙara musu kuɗi a Afrilun 2024, ba shi da wannan damuwa idan alkawarin yana cika a unguwarsu. Ka fi ni sanin naku layin.

Saura sola, wadda ita ce mafi tsafta, kuma ita ce sana'ata, don haka ka rage wani abu daga zancena. Fanel mai wat 500 yana ba da kamar yunit 2 a rana a Legas. Yunit 8 na buƙatar fanel huɗu ko biyar na mota kaɗai, ban da na gida. Matsala biyu: da rana motar tana waje, sai dai a tara wutar a wani batirin, wanda shi ma kuɗi ne kuma ma'adini ne; sannan a Yuni da Yuli hadari kan rufe garin nan kwana da kwanaki. Ya fi dacewa da mai shago ko ofishin da motar take wuni a ajiye. Wurin cajin kuɗi ma, ka leƙa bayan ginin ka ga me yake ba shi wuta kafin ka yi alfahari.

Gosulo ba zai cinye batir ba?

A'a, Hajiya, kwantar da hankalinki. A gosulo ne ma take cin riba. Idan ta tsaya a kan gadar Third Mainland, AC da rediyo kaɗai ke jan wuta, motar fetur kuwa injinta na ta juyawa a banza. Kuma duk sanda kika ɗaga ƙafa ko kika taka birki, wani ɓangare na ƙarfin yana komawa batir.

Ba ta da wata ƙura ko kaɗan?

Tana da ta taya. Ta fi nauyi saboda batir, tayoyi na saurin cinyewa, musamman a hannun mai son fizga. Ta birki kuwa ta ragu.

Idan batirin ya mutu ina za a kai shi?

Ba ya mutuwa farat ɗaya. Yawancin kamfanoni na ba shi garantin shekara 8 ko kilomita 160,000, kuma bayan ya gaza wa mota yana iya ƙara shekaru yana riƙe wutar sola a gida. Ana iya narkar da shi a ciro ma'adinan, amma masana'antun da suka ƙware a haka suna Sin da Turai da Amurka.

Abin da yake ba ni tsoro shi ne yadda muke yi da batirin da muke da shi yanzu. Batirin dalma na kowace motar fetur, an san yadda ake yi: a fasa da guduma, a tsiyaye ruwan a ƙasa, a kai dalmar wajen masu narkarwa. Duk Bahaushe ya san abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu, ko da yake can daga haƙar zinariya ce. 'Yan'uwana 'yan gwangwan, ku da kuke yawo da kura kuna sayen ƙarfe, don Allah ku ji: batirin litiyam ba a sa masa guduma. Idan ya huje yana kamawa da wutar da bokitin ruwa ba ya kashewa, ga ƙarfin lantarkin da ke cikin na mota ya kai ya kashe mutum nan take.

Zan iya sayen tokumbo, wato wadda aka yi amfani da ita a ƙasar waje?

Za ka iya, amma a sa na'ura a auna lafiyar batirin a gabanka kafin ka biya. Zafi yana tsufar da batir, kuma tsofaffin Nissan Leaf ba su da ruwan sanyaya shi. Idan za ka canza batir bayan shekara biyu, ka ɗauko sabon bashin hayaƙi ke nan, ban da na aljihu.

Mu da ba mu da kuɗin mota fa?

Kun riga mu. Jirgin Blue Line da ya fara ɗaukar fasinja daga Marina zuwa Mile 2 a Satumban 2023 da lantarki yake tafiya. Mutum ɗaya a cikin ƙatuwar jif ta lantarki bai kama ƙafar wanda ya hau jirgin nan ko bas ɗin BRT ba wajen rage hayaƙi. Babur da keke masu batir da ake musanyawa su ma sun fi saurin biyan bashinsu, don batirin ƙarami ne kuma wuni suke suna aiki.

Ruwa fa? Unguwarmu tana ambaliya.

An rufe batirin ruf, ruwan sama da ɗan kududdufi ba sa yi masa komai. Amma idan motar ta kwana a nutse, musamman a ruwan gishiri irin na wajen Lekki da Ajah, kada ka tayar da ita, kada ka jona ta a caji. An ga irinsu sun kama da wuta a Florida ta Amurka bayan guguwar 2022, wasu kwanaki bayan ruwan ya janye. A ɗauke ta a kan motar janwe, a ajiye ta a fili nesa da gini da sauran motoci, sannan a kira wanda ya san aikin.