Ruwa Garau Ba Shi Ne Lafiyar Kifi Ba

An daɗe ana cewa idan ruwan tafkin gida ya yi garau har ana hango ƙasansa, to kifin lafiya lau yake. Masu kiwon koi, kifin adon nan da manoman Niigata a Japan suka fara kiwo a ƙarni na 19, da yawansu haka suka ɗauka. Ba laifinsu ba ne, ido suka yi wa biyayya.

Sai dai gubar da ke kashe koi ba ta da launi. Amoniya ce, tana fitowa daga jikin kifin da ragowar abincin da ya ruɓe, kuma ta fi illa lokacin zafi. Wasu ƙwayoyin halitta da ke zaune a matatar ruwa ne ke narkar da ita. Wanda ya kwashe ruwan gaba ɗaya, ya wanke matatar da ruwan famfo mai kulorin (sinadarin da ake tsabtace ruwan sha da shi), su ya kashe. Ruwa mai ɗan kore kuwa sau da yawa bai dami kifin ba.

A sayi kayan gwajin amoniya, a auna duk mako. Sifili ake nema. A duba kifin ma: in yana haki a saman ruwa ko ya ƙi cin abinci, akwai matsala. Canjin kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na ruwan a mako ya wadatar.

Don Allah a tura wa masu kiwon kifi, har masu tarwaɗa.