Tambayoyin da ake yawan yi mini a kan waƙar IDOL ta BTS

Tambayoyi iri ɗaya ne suke ta dawo mini game da wannan waƙa da ta gauraya kiɗan zamani da na gargajiyar Koriya, har na ga gara in tattara amsoshin wuri guda, domin duk wanda ya sake tambaya in nuna masa nan.

Su wane ne BTS?

Matasa bakwai ne 'yan Koriya ta Kudu da suka fara waƙa a 2013 a ƙarƙashin kamfanin Big Hit. Wannan ya isa.

Me ya sa aka ce sun dawo da wannan waƙa? Rabuwa suka yi?

Ba su rabu ba. A harkar waƙoƙin zamani ta Koriya, duk lokacin da mawaƙa suka fito da sabon kundi suka shiga zagayen gidajen talabijin suna tallata shi, ana cewa sun dawo, ko da wata uku kacal suka yi ba a ji su ba. IDOL ta fito ranar 24 ga Agusta, 2018, a cikin kundin Love Yourself: Answer.

Kayan da suka sa a bidiyon ba na China ba ne?

Wannan tambaya tana ɓata mini rai. Sunan tufafin hanbok, kuma na Koriya ne, ko da yake an yi musu ɗinkin zamani. Bai dace mutum ya haɗa Koriya da China da Japan ya ɗaure su a dami ɗaya don kawai bai tsaya ya duba ba.

Ta yaya zan gane ɓangaren gargajiya da kunnena?

Nan ne amsa take da tsawo, kuma sai an yi haƙuri, domin ya danganta da abin da mutum yake saurare da shi da kuma yadda kunnensa ya saba. Ginshiƙin kiɗan na kwamfuta ne, an ɗora shi a kan salon gqom na birnin Durban a Afirka ta Kudu, kuma nauyinsa yana iya danne duk wani siririn sauti, musamman a lasifikar waya. Saboda haka shawarata ita ce a fara da muryoyi kafin a nemi kayan kiɗa. A wurin amshi za a ji suna cewa "eolssu" da "jihwaja". Waɗannan kalmomin zuga ne da makaɗi ko masu kallo kan jefa wa mawaƙin gargajiya don ƙara masa ƙaimi, kamar yadda ake yi a waƙar pansori, wadda mawaƙi ɗaya yake rera labari tare da makaɗinsa. Daga nan sai a ji "deong gideok kung deoreoreo", wanda yawancin masu tambaya ta suke ɗauka surutu ne marar ma'ana. Haka masu koyon gangar janggu suke haddace kiɗa da baki: "deong" shi ne a bugi fuskokin gangar biyu lokaci guda, "kung" bugun fuskar da take da kauri, "deoreoreo" kuwa karkarwar siririn makaɗi a kan ɗaya fuskar. Janggu tana da siririn ƙugu kamar kalangu, sai dai ta fi shi girma nesa ba kusa ba, kuma ba a matse ta a hammata don sauya murya.

Wanda yake son kunnensa ya waye, to ya ajiye waƙar tukuna, ya nemi kiɗan samulnori ya saurara na ɗan lokaci. Kaya huɗu ne: janggu, da gangar buk, da babban farantin tagulla mai suna jing, da ƙaramin faranti mai kaifin sauti da ake kira kkwaenggwari. Ana kwatanta su da ruwan sama, da gajimare, da iska, da tsawa. Idan ya koma kan IDOL bayan haka, mai yiwuwa ya fara tsinkayo wasu daga cikinsu, mai yiwuwa kuma a karon farko ya ji ɗaya kawai. Kada wannan ya dame shi, domin ni ma sai da na maimaita sau da dama. Wanda yake son misali mafi sauƙi ya saurari Daechwita, wadda Suga, ɗaya daga cikin 'yan BTS, ya fitar a 2020, inda busar taepyeongso mai kama da algaita take fitowa sarai tun daga farko.

Rawar fa, ta gargajiya ce zalla?

A'a, gauraye ce. A cikinta akwai gwara gwara ta Afirka ta Kudu, akwai kuma tsalle da wurga hannuwa irin na rawar talchum, wadda ake yi da fuska a rufe. Wanda yake son ganin gargajiyar a fili ya nemi wasan da suka yi a bikin Melon Music Awards na Disamban 2018, inda uku daga cikin 'yan BTS suka yi rawar gargajiya: J-Hope ya yi rawar ganguna uku, Jimin ya yi rawar mafici, Jungkook kuma ya yi talchum.

Wannan gauraya ba ɓata al'ada ba ce?

Na fahimci masu wannan fargaba, amma ina roƙonsu su duba tarihi kafin su yanke hukunci. Shi kansa samulnori a 1978 Kim Duk-soo da abokansa suka tsara shi a Seoul, inda suka ɗauko kiɗan manoma na filin ƙauye suka mayar da shi na zaune a kan dandamali. Rawar maficin da ake gani kamar ta kaka da kakanni, Kim Baek-bong ce ta tsara ta a 1954. Abin da na fi jin tsoro shi ne matashi ya ji minti huɗu na IDOL ya ɗauka ya gama sanin kiɗan Koriya, alhali mawaƙin pansori ɗaya da makaɗinsa suna iya shafe sa'o'i suna rera labari guda.

Wacce zan saurara, wadda mawaƙiyar Amurka Nicki Minaj ta shiga ko ta asali?

A fara da ta asali.